GARIN GYARAN GWIWA KADA A RASA ƘODA

Jawabin da wani ɗan'uwanmu, mai sayar da yadi a Kasuwar Monday, ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a unguwar Fezzan, Maiduguri.

 



Ranar da sakatare ya same ni a shago ya ce ni zan yi magana a kan ciwon gaɓoɓi, dariya na yi, na ce da shi, "Malam, likita kuka rasa a garin nan?" Ya ce a'a, likita yana nan tafe a zama na gaba in Allah Ya yarda, amma shugabanni sun ce a fara da wanda ya ɗanɗana tukuna, don jiki magayi. To ban iya musu ba. Kowa a nan ya san ni, Islamiyya na yi, daga nan sai bin mahaifina kasuwa. Abin da zan faɗa muku, rabi a jikina na karanta shi, rabi kuwa daga bakin likitocin da na yi shekaru ina kai-komo wurinsu. Ni mutum ne mai yawan tambaya, har wani daga cikinsu ya taɓa ce mini, "Alhaji, in ka shigo ofishin nan sai in ji kamar ciniki muke yi."

Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake ɗaukar bandir a ka, daga inda mota ke sauke kaya zuwa rumfar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Da na girma na samu nawa shagon, sai al'amari ya juya, ɗauka ta ƙare, zama ya soma. Daga hantsi har magariba mutum yana kan benci, ba ya tashi sai salla. A kawo shayi da sukari cokali huɗu, da yamma a yanko tsire, a kora da lemon kwalba mai sanyi. In tafiyar saro kaya ta taso, a naɗe ƙafa a mota daga nan har Kantin Kwari a Kano, kusan kilomita 600, ta Damaturu da Potiskum. Wannan unguwa tamu sunan fataken Fezzan ta ƙasar Libiya ta ci, mutanen da suka riƙa ratso Sahara da raƙuma suna kawo haja Borno. Su da ƙafa suka yi fataucinsu, mu kuwa da mazaunai muke yin namu, ku gafarce ni. Kafin in ankara na haura kilo 100.

Ina wajen shekara arba'in da biyar gwiwata ta dama ta soma. Da fari in na tashi daga zaman tahiya sai in ji ta yi ƙas. Daga baya hawa matakalar bene ya zama aiki. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ce, "Haba Alhaji, sanyin ƙashi ne, aika yaro kemis a haɗo maka." Na aika. Aka kawo mini ƙwayoyi shida a ƙulle cikin 'yar leda, wata ja, wata fara, wata ruwan ɗorawa, babu suna, babu kwali, babu takarda. Na watsa a baki na kora da ruwa. Wallahi jama'a, kafin la'asar sai na ji kamar an mayar da ni ɗan shekara ashirin. Na ce lallai yaron nan ya san aiki.

Shekara uku ina kan wannan haɗi. Da fari sai ciwo ya tashi nake sha, daga baya kullum da safe, daga baya safe da dare. Fuskata ta cika, kumatu suka fito, mutane suna cewa Alhaji kasuwa ta yi albarka. Cikina yana zafi, in sha kanwa in wuce. Sai wata rana na lura bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, har iyalina. Bayan kwana uku ina auna wa wata baiwar Allah yadi, sai na ga shagon yana juyawa. Ban farka ba sai a gadon asibiti, ana ƙara mini jini.

Da na samu kaina, likita ya ce a kawo masa abin da nake sha. Yarona ya ɗauko ledar daga aljihun rigata. Likita ya zazzage ta a kan tebur, ya riƙa ware ƙwayoyin da bakin biro yana kiran sunansu. Ya ce wannan daikulofenak ce, wannan kuma firoksikam, 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, shan su tare ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka ɓarna. Wannan ƙaramar deksametason ce, wadda kuke kira deksa, ita ta ba ka kumatu, ita kuma ta ɗaga maka suga. Wannan tiramol ce. Wannan farasitamol. Ta shidan kuwa bitamin ce, an sa ta ne don ledar ta yi kyan gani. Sannan ya dube ni ya ce gyambon ciki ne ya fashe yake zubar da jini, kuma gwaji ya nuna ƙodata ta soma gajiya. Ya ce, "Alhaji, gwiwar nan ba za ta kashe ka ba. Wannan ledar ce za ta kashe ka."

Na tambaye shi, yaya maganin gwiwa zai taɓa ƙoda, ina gwiwa ina ƙoda? Ga yadda ya fahimtar da ni. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, shi ke kawo zafi da kumburi a inda aka ji ciwo. Waɗannan ƙwayoyi, su daikulofenak da ibufurofen da firoksikam da indometasin, aikinsu su hana jiki yin wannan sinadari. To amma shi ɗin dai ne ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci, kuma shi ke buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Ƙwaya ba ta san gwiwa kaɗai aka aike ta ba, duk inda ta same shi sai ta rufe. Musamman a gari irin namu, inda a watan Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40, mutum ya wuni yana gumi bai sha ruwan kirki ba, ƙoda tana neman jini, shi kuma ya aika mata da abin da zai ƙara toshe mata hanya. In kuwa da ma yana da hawan jini ko suga, abin ya haɗu goma da ashirin. Af, indometasin ɗin nan, wadda aka fi sani da Indocid, ita ce fa wadda ake barbaɗa wa ɓera a kan busasshen kifi a gidajenmu. Magani ne na gaskiya in likita ya auna ya bayar, amma ku duba abin da take yi wa ɓera in ya ci ba awo.

Ba sai na gaya muku halin da ake ciki game da ciwon ƙoda a Borno da Yobe ba. Babu wanda ke zaune a nan da bai je dubiya ko jana'izar wani da ƙoda ta kayar ba. Ku leƙa sashen ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ku ga jama'a, har daga Gashuwa da kewayenta. Ban ce haɗin kemis ne ya kai su duka can ba, sabubba suna da yawa, akwai hawan jini, akwai suga, akwai wasu. Amma shan maganin kashe zafi barkatai yana cikin abin da likitoci ke lissafawa, kuma shi ne wanda ke hannunmu, yau za mu iya barinsa. Mu 'yan kasuwa ne, mu yi lissafi. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, har da namu na koyarwa. Ko a wannan rangwamen, wanda ake yi wa wanki sau biyu a mako zai biya 24,000, a shekara naira miliyan ɗaya da dubu 248, ban da magani, ban da gwaji, ban da shagon da aka rufe ranar wanki. Wannan shi ne ainihin farashin 'yar ledar nan. Ni Allah Ya taimake ni an tare tawa kafin ta kai can. Maƙwabcin da ya ba ni shawara tun farko, shi bai samu wannan ba, Allah Ya jiƙansa.

Yanzu bari in dawo kan ciwon kansa. Mu duk abin da ya kama gaɓa sunansa ɗaya a wurinmu, sanyin ƙashi ko amosanin gaɓoɓi. Wannan kamar mutum ya shigo shagona ne ya ce a ba shi yadi. Wane iri? Shadda ko boyel, atamfa ko leshi? Likitoci sun ce cututtukan gaɓoɓi sun haura iri 100, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Guda uku na sani sosai, don biyu suna jikina, ɗaya kuma tana gidanmu.

Wanda ya fi yawa shi ne na gwiwata, wato zaizayewar guringuntsi. Duk wanda ya taɓa cin ƙafar saniya ya ga farin abin nan mai santsi a bakin ƙashi. Shi Allah Ya shimfiɗa tsakanin ƙashi da ƙashi don kada su gogi juna. Da shekaru, da nauyi, da tsohon targaɗe ko karaya, da gado, sai ya riƙa siɗewa, ƙashin ya soma tsiro a gefe, gwiwa ta riƙa ƙara, wani ma ƙafar ta gwame. Alamarsa, ciwon yana ƙaruwa in an yi aiki, yana lafawa in an huta, da safe gaɓar takan sage amma ba ta kai rabin awa take saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke da shi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa. Kusan 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kuma 60 cikin 100 mata ne. Don haka iyayenmu mata, in kun ce gwiwa, ba raki kuke yi ba.

Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, duk mai lasifikar da ya ce muku kwalbarsa tana tsiro da sabo ƙarya yake. Amma akwai abin da ya ba ni mamaki. Ashe guringuntsi ba shi da hanyar jini. Daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abincinsa, ruwan kuwa ba ya shiga sai gaɓar ta motsa, kamar soso, a matse a saki. Ni da nake ganin zama ne zai adana mini gwiwa, ashe yunwa nake sa mata. Aka tura ni wurin masu gashin ƙashi, na ɗauka wuta za su hura, sai na tarar motsa jiki za su koya mini. Ka zauna a kujera, ka miƙe ƙafa sambal, ka ƙirga goma, ka sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Ina yi bayan asuba da bayan isha'i. Tsokar cinya in ta yi ƙarfi ita ke ɗauke wa gwiwa kaya. Sai tafiya. Na bar hawa Keke Napep zuwa kasuwa sai in ina da kaya ko rana ta take.

Sai nauyi, wanda shi ne maganar da ba mu so. An auna a Amurka a 2005, aka ga duk kilo ɗaya da mutum ya rage, ya sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Na rage kilo 12 cikin shekara ɗaya da rabi. Ba wani sirri, sukarin shayi ya koma cokali ɗaya, lemon kwalba na bar shi, tuwon dare na raba biyu. Mutane suka soma raɗe-raɗin ko karayar arziki ce, musamman da abin ya zo kusa da gobarar kasuwarmu ta Fabrairun 2023. Na bar su da zancensu. Wanda ya kai ga riƙe sanda kuma, ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, in gwiwar dama ce sanda a hagu. Na shafawa ya fi na haɗiya aminci ga ciki da ƙoda, akwai daikulofenak ɗin ma na shafawa. In abu ya yi tsanani akwai allurar da likita ke yi cikin gaɓa, amma ba a yawaita ta. In ya ƙure ana canza gwiwar ɗungurungum da ta ƙarfe da roba, ana yin wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sai dai kuɗin ba na wasa ba ne.

Na biyu ya same ni ne bayan wata babbar salla. Kun san yadda muke yi, kwana uku daga hanta sai ƙoda sai tumbi sai soye. Cikin dare wajen ƙarfe uku na farka da ihu, na ce a kunna fitila kunama ta harbe ni a babban ɗan yatsan ƙafa. Aka kakkaɓe shimfiɗa babu kunama. Yatsan ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, ko mayafi ya taɓa shi sai in ji har ƙwaƙwalwa. Wannan shi ake kira gawut. Akwai wani datti da jiki ke fitarwa ta fitsari, sunansa yurik asid. In ya taru ya yi yawa a jini sai ya daskare cikin gaɓa ya zama kamar ƙananan allurai. Kayan ciki da jan nama da yawa suna ƙara shi, haka lemon kwalba, haka giya ga masu sha, haka ƙarancin shan ruwa, har da wasu ƙwayoyin hawan jini masu sa fitsari. Amma babban dalili shi ne ƙodar da ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Kun ga inda na kwana: haɗin da na sha don gwiwa ya raunana ƙoda, ƙoda ta kasa fitar da datti, datti ya koma gaɓa. Likitocin sashen gaɓoɓi na asibitinmu na koyarwa sun buga bincike a 2023 da ya nuna gawut da ciwon ƙoda suna yawan haɗuwa a jikin marasa lafiyar da ke zuwa wurinsu.

Abin daɗin shi ne gawut yana jin magani ƙwarai. Akwai na kashe wutar in ta tashi, kamar kolcisin. Akwai kuma alofurinol, wanda ake sha kullum don ya sauke dattin, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa, ana gwada jini har lambar ta sauka ƙasa da 6. Kuskuren da mutane ke yi, a watannin farko ciwon yakan motsa, sai su ce maganin bai karɓe su ba su watsar. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su daina. Ba a daina shi sai da izinin likita, illa in ƙuraje suka feso a jiki, to wannan a tsaya a koma asibiti a ranar. Kuma don Allah a daina ɗora wa wake laifi, ni an hana ni kayan ciki, ba a hana ni ƙosai da alale ba.

Na uku shi ya fi ci mini rai, don a gabana aka yi kuma da ni cikin masu laifi. Matar ƙanena ce, yarinya 'yar shekara talatin da 'yan kai, gwanar ɗinkin hula. Kun san yadda matan garin nan ke riƙe gida da allura da zare. Bayan haihuwarta ta huɗu sai ta soma tashi da safe hannayenta biyu a sage, ba ta iya damƙe ludayi, ba ta iya matse wanki, sai rana ta ɗaga sosai suke saki. Ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu suka kumbura, dama da hagu daidai wa daida. Aka ce sanyin jego ne, aka ƙara mata wankan ruwan zafi. Bai yi ba. Aka ce iska ce. Daga nan, da yake tana da abokiyar zama, sai zance ya koma sammu. Jama'a, shekara biyu ana zargin baiwar Allah da abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, har ta yi yaji sau biyu. Ni babba ne a gidan, ina ji ina gani ban ce a tafi asibiti ba.

Da aka je daga ƙarshe, gwajin jini da hoton hannu suka nuna rumatoyid ne. Wannan garkuwar jiki ce, wadda Allah Ya yi don ta yaƙi cuta, take juyowa ta afka wa fatar da ke lulluɓe da gaɓa ta ciki, har ta ci guringuntsi da ƙashi. A 2019 mutum miliyan 18 ke da shi a duniya, kusan 70 cikin 100 mata. Likita ya ce da an kawo ta cikin watannin farko da an tare. Aka ɗora ta kan metotireksat, kuma ku riƙe wannan da kyau, sau ɗaya a mako ake shan sa, wanda ya sha kullum zai iya rasa ransa, mai ciki ko mai neman ciki ba ta sha, kuma ana bin sa da gwajin jini. Alhamdu lillahi wutar ta lafa, tana girkinta tana harkokinta. Amma yatsun da suka karkace sun karkace ke nan, allura ba ta ƙara zama a hannunta ba. Mun je mun ba abokiyar zamanta haƙuri, ta ce ta yafe. Saboda haka duk macen da ta ce muku hannayenta biyu suna sagewa da safe fiye da rabin awa, har mako shida abin bai tafi ba, a kai ta wurin likitan gaɓoɓi. A yi addu'a, a yi tofi, amma a kai ta.

Akwai waɗanda ba a kwana da su a gida. Gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, mutum ba ya iya motsa ta, wataƙila ƙwayar cuta ce ta shiga, cikin 'yan kwanaki take cinye gaɓa. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku ciwo ya riƙa yawo daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu, wannan yana iya taɓa zuciya. Mai sikila ya soma ɗingishi yana kukan kwatangwalo. Ciwon baya da rama da gumin dare, tibi na kama ƙashin baya. Duk waɗannan ba na wanzami ba ne, kada a yi musu sakiya ko tsaga.

Tun da na ambaci wanzami, ni ban raina sana'ar kowa ba. Na yi ƙaho, na ji daɗin jikina kwana biyu, gwiwa kuma tana nan yadda take. Gasa wuri da ruwan ɗumi da man zafi suna rage raɗaɗi, babu laifi. Abin da nake tsoro shi ne ruwan jarka da garin da ba a san abin da ke ciki ba, wanda ake cewa yana maganin cuta arba'in. An sha kama irinsu a ƙasashe daban-daban an tarar deksa aka daka a ciki. In ka sha abu ciwo ya ɗauke cikin awa ɗaya, bayan wata biyu fuskarka ta cika, to ka yi tambaya. Kuma wanda ya daɗe yana shan deksa, ko haɗin da take ciki, kada ya ji jawabina ya yanke yau ɗaya, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Likita ne zai sauke shi a hankali.

Game da sanyi kuwa, na tambaya an ce mini ba shi ke kawo cutar ba, sai dai mutane da yawa sun fi jin ta lokacin hunturu. Na ga haka bayan ambaliyar Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci rabin garin nan, har da kasuwarmu da asibitin koyarwa. Mutane da yawa suka ce ruwan ne ya sa musu sanyin ƙashi, alhali yawanci da ma yana nan, wahala ce ta tone shi, wasu kuma magungunansu ruwa ya tafi da su suka yi makonni ba su sha ba. Abin da ba zan manta ba a daren nan shi ne dattawan da gwiwa ta hana su gudu, wasu a baya aka goya su, wasu a baro aka tura su. Ni da kaina na fito da ƙafata ina riƙe da jikana, na ce da wannan ruwa ya zo ina kilo 100 da ɗoriya, da wani ne zai ɗauke ni.

Saura maganar salla, malamanmu suna nan, in na kauce a gyara mini. Mun karanta tun muna yara cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, hadisin Imrana ɗan Husaini yana nan cikin Buhari. Amma ni na yi wata shida ina cije baki a sujada, ina tashi da hawaye, don kada a ga Alhaji a kan kujera a ce ya tsufa. Wannan girman kai ne, ba tsoron Allah ba. Akwai dattawa a unguwar nan da suka daina zuwa jam'i gaba ɗaya saboda wannan kunyar, da kuma tsugunon wurin alwala da na bayan gida. Na san su, ba zan kira suna ba. Mai azumi kuma da ke kan magani ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a tsara masa lokutan sha, kuma ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

Na san akwai masu kemis a cikinmu, wasu ma 'ya'yan abokaina ne. Ban zo tozarta ku ba, ai mu muke zuwa mu ce a haɗa mana, in kun ƙi mu tafi shagon gaba. Amma 'ya'yana, ni in na sayar wa mutum yadi mai zuba, rigarsa kawai na ɓata. Ku abin da ke hannunku ya wuce riga. In dattijo ya dawo muku karo na uku da gwiwa ɗaya, ku ce masa, "Baba, wannan ta fi ƙarfin kanta, a je a yi hoto."

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya. A zama na gaba da likita zai zo, kowa ya taho da duk abin da yake sha a cikin leda, na kemis da na gargajiya, har wanda ake ɓoyewa ƙarƙashin matashi, iyayenmu mata ma haka, a zazzage a gabansa kamar yadda aka yi mini. A roƙe shi ya zo da abin awon jini da na suga, wanda ya daɗe yana shan haɗi kuma a rubuta masa gwajin ƙoda. Sannan a duba wurin alwala na masallacinmu, a ɗaga wurin zama biyu ko uku, a kafa ƙarfen dafawa, a sa kujeru a ƙarshen sahu. Kujeru goma suna wuyana, sakatare ya rubuta. Magini kuma na ga akwai su biyu a nan, sai su gaya mana abin da siminti zai ci kafin a tashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.